Tsufan fuska: wane mai za a saya, wane za a ajiye?

Tambayar ta zo daga wata malamar makaranta a Tawa, mai shekara 46. Ta ce shekara biyu ke nan tana lura fuskarta tana sauyawa: kumatu sun fi sauran fuskar duhu, wasu layuka biyu sun sauko daga gefen hanci zuwa baki, fatar kuma ta daina sheƙi. Matar ƙanenta ta zo mata da tsarabar kwalabe uku daga Abijan. Ɗaya an rubuta kolajen a jikinta, ɗaya man karas ce, ta ukun babu rubutu ko kaɗan, haɗi ne na wata mai sayar da kayan kwalliya. Tana so ta san wadda za ta shafa, kuma in za ta kai kuɗinta farmasi, wane sinadari ne da gaske yake rage alamun tsufa.

Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da ladan karantarwa. Kafin ki buɗe ko ɗaya daga cikin kwalaben nan, ki yi mini abu guda. Ki tsaya inda haske yake, ki naɗe hannun riga, ki aza bayan hannunki na dama bisa cikin damtsenki na hagu, ki dube su tare. Rana ɗaya aka haife su, jini ɗaya ke ciyar da su, amma ɗaya ta yi duhu ta yi kaushi ta fara tattarewa, ɗayar kuwa tana nan sumul kamar ta budurwa. Na daɗe ina duba masu ciwon fata a nan Yamai, kuma kusan kullum sai na ga wannan bambancin a wani wuri ma. Mace ta zauna gabana, in ce ta ɗan janye hijabi, sai ga iyaka a fili daga goshi zuwa haɓa, kamar an ja layi da alƙalami: inda ƙyalle ke rufewa fata lafiya lau, inda rana ke duka kuma duk abin da ya kawo ta yana nan. Shekaru suna da nasu rabon, ba mai musu. Amma kaso mai yawa na abin da muke kira tsufan fuska aikin rana ne, kuma wannan kason ana iya taɓa shi.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da irin fatarmu, domin yawancin tallan da kike gani don fatar Turawa aka yi shi. Sinadarin da ke ba mu launi, melanin, laima ce da Allah ya halicce mu da ita. Wani awo da aka yi a Amurka a 1979 ya nuna saman fatar baƙin mutum yana tare rana daidai da man kariya daga rana mai lamba 13 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa), na Bature kuwa wajen 3. Shi ya sa tamoji ke jinkirin fito mana, sau da yawa shekara goma ko fiye bayan sa'o'inmu Turawa. Sai dai ƙwayoyin da ke yin wannan launin masu saurin fushi ne. Ƙurji ya fito, su zuba baƙi. Sauro ya cije ki kin sosa, su zuba baƙi. Mai ya yi miki zafi, sabulu ya ƙone ki, rana ta dake ki, duk amsarsu ɗaya ce. Saboda haka tsufanmu ta launi yake fara shigowa: nan duhu, can haske, kumatu da goshi su yi dabbare-dabbare. Duk abin da zan faɗa miki a kan wannan yake tsaye. Man da ke sa fuskarki raɗaɗi ko ja ko saɓa mai yawa, ko nawa aka saye shi, tabo yake dasa miki, tabon kuma shi ne tsufan da kike gudu.

To, kwalba ta uku, marar rubutu. Ina roƙonki don Allah kada ta taɓa fuskarki, kuma kada ki ba wata. Ban ga cikinta ba, amma na ga cikin ire-irenta da yawa, kuma abin da ake damawa sanannen abu ne: man kortikoyid mai ƙarfi irin su kilobetazol da betametazon, da idirokinon, wani lokaci har da zaiba. Kortikoyid magani ne na gaske, muna rubuta shi ga masu wasu cututtukan fata na ƴan kwanaki, a wuri ƙayyadadde. Idan aka mai da shi man shafawa na kullum, a sati biyu fuska za ta yi haske ta yi laushi, kowa ya ce kin yi kyau. Daga nan yake fara cin fatar ta ciki, yana hana ta saƙa kolajen ɗin da ke riƙe ta.

Ba na mantawa da wata baiwar Allah da ta zo mini da kwalbarta ƙunshe a baƙar leda. Ba ta kai shekara 35 ba. Fatar kumatunta ta yi siriri har ana ganin jajayen jijiyoyi kamar zare a ƙarƙashi, gashi ya tsiro mata a haɓa, ƙuraje sun cika goshi, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin alhali bayan hannun fari. Da ta ɗaga hannun riga sai ga nankarwa mai faɗin yatsa biyu a damtse, ja-ja, irin wadda ba ta komawa. Ta ce mini ta yi ƙoƙarin bari sau uku, duk ranar da ta bari fuskar sai ta ɗauki zafi kamar an watsa mata barkono, sai ta koma. Tana magana tana rufe hannuwan da gefen mayafi. Don ta rage tabo biyu ta fara. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ba laifinta ba ne ita kaɗai, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke cikin kwalbar.

Abin bai tsaya a fata ba. Kortikoyid da ake shafawa a jiki duka shekara da shekaru yana shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, yana sa rauni ya ƙi warkewa, har ɗinkin tiyatar haihuwa. Idirokinon kuwa mu ma muna amfani da shi, kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a kan tabon kaɗai, na ƴan watanni, sannan a dakata. Idan aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da gudaji-gudaji a kan kumatu, wanda likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975, kuma yana cikin abubuwan da suka fi wuyar magani a aikinmu. Tarayyar Turai ta fitar da idirokinon daga kayan kwalliyar fata tun 2001. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki. Kodibuwar ma da aka ɗauko kwalbar ta haramta irin waɗannan mayukan a 2015, sai dai kasuwa ba ta jin doka. Ga wata alama da za ki riƙe: duk man da ya sauya miki launi cikin sati biyu, akwai ɗaya daga cikin ukun nan a ciki, ko da an zana karas ko gwanda a kwalin. Man karas ɗinki ma da wannan ma'aunin za ki auna shi. Wadda kuma ta riga ta daɗe tana shafa haɗi, kada ta yanke dare ɗaya, ta je wurin likita a janye mata shi sannu a hankali.

Ta kolajen ba ta da wannan haɗarin in dai abin da aka rubuta shi ne a ciki, sai dai ba za ta yi abin da ta yi alkawari ba. Gaskiya ne kolajen ne ke riƙe fata, gaskiya ne yana raguwa wajen kashi 1 cikin 100 kowace shekara bayan an girma, kuma mace tana rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada, abin da ya shafe ki a shekarun da kike ciki. Amma saman fata ba ya barin abu mai nauyin da ya wuce dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) ya ratsa shi da sauƙi, ƙwayar kolajen kuwa wajen dalton 300,000 ce. Raƙumi ne a ƙofar akurki. Yana zama a sama ya riƙe danshi, ki wanke ya tafi. Ki shafa shi a hannu da ƙafa har ya ƙare, kada ki sake saye. Allurar gulutatiyon da ake yi wa mata a ɗakunan kwalliya ita ma ki yi nesa da ita, ba maganin tsufa ba ce, kuma hukumar magunguna ta ƙasar Filifin, inda abin ya yi yawa, ta yi gargaɗin tana iya taɓa hanta da ƙoda.

Yanzu ga abin da ke aiki. Na farko man kariya daga rana, kuma na san za ki ce mu da aka haifa cikin ranar Adar me za ta yi mana. Abin da ta yi miki shi ne abin da kika gani a bayan hannunki. A garin Nambur na ƙasar Ostireliya an bi mutum 903 shekara huɗu da rabi, wasu suna shafa man kariya kullum, wasu sai sun ga dama. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna masu shafawa kullum fatarsu kusan ba ta ƙara tsufa ba a wannan tsakanin. Fararen fata ne aka yi wa wannan gwajin. A wurinmu ribar ta fi fitowa a kan tabo: duhun kumatun da kika ambata, wanda ya yi kama da wanda ke fito wa mata lokacin goyon ciki ko shan ƙwayar tsarin iyali, ba maganin da zai gusar da shi muddin rana tana ci gaba da dukansa. Ki yi wata uku kina magani, tafiya ɗaya bisa kabu-kabu daga makaranta zuwa gida da tsakar rana a watan Afrilu ta mai da ki baya.

Ki nemi mai lamba SPF 30 zuwa 50, wanda kuma aka rubuta UVA a jikinsa, galibi cikin ɗan da'ira. Lamba 30 tana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, 50 kuma kusan 98, don haka kada a karɓe miki kuɗi mai yawa saboda babbar lamba. UVA shi ne mai nutsawa ciki ya tsinka kolajen, yana ratsa hazo da gajimare da gilashin taga, ranar da hazo ya rufe gari ma yana nan. Akwai ƙarin abu da ya shafe mu musamman. A 2010 likitoci a Amurka sun nuna hasken da ido ke gani, ba wanda ba a gani kaɗai ba, yana sa baƙar fata ta yi duhu mai daɗewa, abin da ba ya yi wa farar fata. Man kariya fari ba ya tare wannan hasken. Wanda ke tare shi shi ne mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aka sa wa sinadarin tsatsar ƙarfe, a kwalin Faransanci za ki ga an rubuta teinté. Yana da wata fa'idar kuma, ba ya barin fuska toka-toka kamar wadda ta fito daga injin niƙa, abin da ke sa mata da yawa su bar man kariya bayan kwana biyu.

Yawan shafawar ma yana da muhimmanci. Ki matsa tsawon yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, wannan na fuska ne da gaban wuya, sannan ki ƙara wa bayan hannu. Da safe kafin ki fita. Alwalar azahar za ta wanke shi, zufa ma haka, sai ki sake shafawa idan za ki koma cikin rana. Da yamma kina gida ba ki bukatarsa. Kuma kada ki raina abin da kakanninmu suka sani. Bafillace da malfarsa, Buzu da rawaninsa har bisa hanci, ba ado kaɗai suke yi ba. Laima a jaka, inuwar bedi a filin makaranta lokacin hutun yara, mayafi da aka ɗan jawo gaba, duk kariya ce da ba ta ƙarewa a kwalba. Zafin murhu da hayaƙin icce su ma suna ƙara wa tabon kumatu duhu, in da hali ki ja baya kaɗan daga bakin wuta, ki yi girki inda iska ke wucewa.

Na biyu, wanda ya fi kowane sinadari hujja wajen gyara abin da ya riga ya lalace, dangin bitamin A ne. Babbansu tiretinoyin. Wani likitan fata a Amurka, Albert Kligman, shi ya fito da shi don ƙurajen samartaka, aka amince da shi a 1971. Sai mata manya da ke shafa shi suka riƙa cewa fatarsu ta yi sumul. A 1988 masu bincike a jami'ar Mishigan suka tabbatar da haka da gwaji, a 1995 aka amince da shi a matsayin maganin ƙananan tamoji da tabon rana. Yana shiga cikin ƙwayoyin fata ya sa su saƙa sabon kolajen, ya rage aikin sinadaran da ke tsinka tsohon, ya hanzarta zubar da matacciyar fata, launi kuma ya daidaita. Retinol da kike gani a kayan kwalliya ƙanensa ne: sai fata ta juya shi sau biyu kafin ya zama tiretinoyin, saboda haka ya fi sauƙi, ya fi jinkiri. Adapalen ɗan'uwansu ne da aka yi don ƙuraje, ya fi jure zafi da haske, bai kuma cika fusata fata ba.

Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Mafi yawan matan da suka ce mini tiretinoyin ya ɓata musu fuska, da na bincika sai in tarar sun lafta shi kamar man kaɗe, kowane dare, tun ranar farko. Fuska ta yi ja ta saɓe, ta warke da tabo. Ga yadda ake yi. Da ordonansin likita, a farmasi, ki fara da mafi rauni, 0.025 cikin 100, ko retinol 0.2 zuwa 0.3. Da dare kaɗai, bayan isha'i in kin gama alwalar ƙarshe. Ki wanke fuska, ki bari ta bushe sarai kamar minti ashirin, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi shan sa ta kuma fi jin zafinsa. Ki matsa daidai ƙwayar wake ɗaya, ita ce ta fuska duka: ɗigo a goshi, ɗigo a kowane kunci, ɗigo a haɓa, ki baza. Ki kauce wa fatar ido, da lungun hanci, da gefen baki. Ki bi da man danshi a sama. Dare biyu a sati na wata guda, sannan dare ɗaya a tsallake ɗaya. Mata da yawa a nan suke tsayawa har abada kuma ya ishe su. Ɗan bushewa da ɗan saɓa a farko ba komai ba ne, raɗaɗi da ja kuwa umarni ne na a dakata sati guda.

Ni a ganina lokacin farawa ma yana da tasiri a ƙasarmu, kodayake littattafan da muka karanta ba su san hunturu ba. Kada ki fara a Disamba ko Janairu lokacin da leɓe ke tsagewa da kansa. Ki bari sai damina ta zauna, Yuli ko Agusta, iska da danshi, fata ta saba kafin sanyi ya shigo. Ki ba shi wata uku kafin ki ga laushi da daidaituwar launi, wata shida zuwa shekara kafin ƙananan layuka su ragu. Idan biki ya taso za a yi miki dilka ko halawa, ki dakatar da shi sati guda kafin nan, in ba haka ba fatar za ta iya biyo halawar. Tarayyar Turai a 2024 ta ƙayyade retinol a man fuska kada ya wuce 0.3 cikin 100, don haka kwalbar da aka jera a rana a kasuwa an rubuta kashi 5 ko 10, ko dai ƙarya ce ko haɗari.

Abu ɗaya ba sassauci a cikinsa: mai ciki, ko mai neman ciki, ba ta shafa dangin bitamin A. A shekara 46, in al'ada ba ta ɗauke ba, maganar ta shafe ki. Kuma na san halinmu na kirki, abu ya yi miki kyau ki ɗiba wa ƙanwa ko ɗiyar da aka kai ɗaki bara. Wannan kam kada a ɗiba.

Don tabon kumatu, akwai biyu da nake so ƙwarai saboda ba su da faɗa. Niyasinamid, wato wani nau'in bitamin B3, kashi 4 zuwa 5 cikin 100, yana rage miƙa launi daga ƙwayoyin da ke yin sa zuwa saman fata, yana ƙarfafa katangar fata, yana rage maiƙo, kuma zafin gari ba ya lalata shi. Masu kashi 10 zuwa sama ba su fi aiki ba, sun dai fi sa ƙaiƙayi. Asid azelayik, kashi 15 zuwa 20, ya fi shi ƙarfi a kan tabo, yana maganin ƙuraje, yana danne ƙwayoyin launin da suka yi yawan aiki ba tare da ya ɗashe sauran fuskar ba, kuma mai ciki tana iya shafa shi. Yana ɗan tsikari a satin farko, ya daina. Ɗaya daga cikinsu ya isa, da safe, ƙarƙashin man kariya.

Bitamin C kuwa ina da ja a kansa, ba don ba ya aiki ba. Kashi 10 zuwa 20 na asalinsa yana taimaka wa saƙar kolajen, yana rage ɓarnar rana. Matsalar ita ce zafi da haske da iska suna kashe shi, ke kuma kina garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, kwalbar ta kwana cikin mota daga Kwatano ko Lome, ta zauna a shago, wutar firigo tana zuwa tana tafiya. Lafiyayyensa fari ne kamar ruwa ko ɗan rawaya kaɗan. In ya koma kalar shayi ya mutu. Idan kin samu mai kyau a baƙar kwalba, ƙarama, ki ajiye a firigo ko gindin randa, ki ƙarar da shi cikin wata biyu zuwa uku. In kuɗi ba su kai ba, shi ne farkon wanda za ki bari. Lemun tsami ba ya maye gurbinsa. Ruwansa a fata in rana ta taɓa shi ƙuna yake yi, ya bar baƙin tabo mai siffar inda ya gangara, na sha ganin shatar yatsu a kumatun ƴanmata.

Saura danshi, wanda shi ne mafi araha kuma shi ne zai fi saurin nuna miki bambanci. Rabin layukan da mace ke gani a madubi a watan Janairu ba tamoji ba ne, ƙishirwar fata ce. Man danshi iri biyu ne ke aiki tare: mai jawo ruwa, kamar gilisarin da asid iyaluronik, da mai rufewa ya hana ruwan tashi, kamar Vaseline da man kaɗe. A hunturu iska ba ta da ruwan da za a jawo, don haka in kin shafa na farko shi kaɗai a busasshiyar fuska bai yi komai ba. Ki shafa shi fuska da ɗan laima, ki rufe da na biyu siriri. Gilisarin yana yin abin da iyaluronik mai tsada ke yi, duka biyun cika fata suke na yini guda, ba sa gina komai a ciki. Man da aka sa wa seramid, wani nau'in maiƙo da fata ke da shi na halitta, yana gyara katangar fata, yana da kyau ga mai shafa tiretinoyin. Man kaɗe na gaske, irin wanda ake kawowa daga wajen Gaya, ina girmama shi, iyayenmu da shi suka tsufa da kyakkyawar fata. Ki murza ɗan kaɗan a tafi ya narke kafin ki dafa a fuska, mai fuska mai maiƙo kuma ta bar shi ga jiki. Sai dai ba ya tare rana, kada a ce miki yana yi.

Wanki kuma a rage. Fuskar da ake wa alwala sau biyar ba ta bukatar sabulu fiye da sau ɗaya ko biyu a yini. Saman fata yana da ɗan tsami na halitta da ke kare shi, sabulun salo da sabulun wanki kuwa toka da kanwa ne asalinsu, suna kwashe wannan tsamin da maiƙon tare. In kin wanke kin ji fuska ta ɗaure kamar ganga, sabulun ya yi miki ƙarfi. Soso da goge-goge da dutse ko suga ki bar wa ƙafa. Asid masu saɓe fata, gilikolik da laktik da mandelik, suna da amfaninsu, amma ba tare da tiretinoyin a dare ɗaya ba, kuma ke a yanzu ba ki bukatarsu.

In jikka goma ce a hannunki, ki fara da man kariya da sabulu mai laushi, man kaɗe kuma yana gida. Wata guda a haka. Albashi na gaba ki ƙara asid azelayik ko niyasinamid. Damina ta faɗi ki ƙara tiretinoyin. Abu ɗaya ake shigowa da shi a lokaci guda, a gwada shi kwana uku a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi, domin in fuska ta yi fushi ki san mai laifi. A farmasi ki juya kwalin ki karanta bayansa, gaban talla ne. Ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba ya zo can ƙarshen layi bayan turare, ɗan yayyafi ne aka yi. Ki duba ranar lalacewa, ki fi son bututu ko kwalba mai famfo a kan mai faɗin baki da ake tsoma yatsa.

Layuka biyun da suka sauko daga hanci zuwa baki, zan gaya miki gaskiya don kada wani ya ci kuɗinki: ba mai da zai cike su. Kitsen kumatu ne ke raguwa yana saukowa, ƙashin fuska ma yana ɗan ja baya, abu ne da ke faruwa can ƙasan inda mai ke kaiwa. Abin da za ki samu shi ne launi ɗaya, laushi, da sheƙin da kika ce ya tafi, kuma su ne ido ke fara gani. Ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke fitowa a kumatu da gefen ido, masu kama da gero, gado ne, ba cuta ba, mai ba ya cire su, kuma kada a ƙona miki su da kanwa ko a ɗaure da zare, likitan fata yana cire su cikin ƴan mintoci. Amma tabon da ke girma, ko yake sauya siffa, ko yake jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa wata guda, musamman baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, wannan a kai asibiti ba jira.

Duhun kumatun naki ina so a gan shi da ido kafin ki fara tiretinoyin, domin akwai abubuwa biyu ko uku da ke kama da juna kuma maganinsu ya bambanta. Idan hutun makaranta ya kawo ki Yamai, ko kika samu likitan fata a nan kusa da ke, ki je da fuskarki ba hoda, ki faɗi duk ƙwayar da kike sha, har ta tsarin iyali da ta hawan jini, ki kuma tafi da kwalaben nan uku a jaka.